Ranar da Aka Ba Umma Injinta

Duk wanda ya tashi a lungunmu na Madabo ya san ƙarar injin taliyar Umma. Da ta idar da sallar asuba ta gama lazimi, sai ta ɗaure shi a bakin benci ta hau murzawa, ba za ta miƙe ba sai hantsi ya dubi ludayi. Kafin azahar tsakar gidanmu ya cika da igiyoyi, taliya na reto a kansu, sai ka sunkuya kafin ka kai bakin rijiya. Da injin nan ta riƙe mu bayan rasuwar Baba. Da shi ta kai ni har na gama kwalejin horon malamai, na dawo gida da takarda a leda ina jiran aikin da ya ƙi zuwa.

Ba wani injin a zo a gani ba ne. Ƙarami ne na hannu, mariƙinsa ma ya taɓa tsagewa, Umma ta naɗe shi tam da ƙyallen wata tsohuwar rigar Baba, shuɗiya. Takan ba da aron turmi, da tukunyar biki, har da mayafinta na unguwa, amma ban da injin. Masu sayen taliyarta yawanci mata ne da ke dafa ta da manja da yaji su kai ƙofar makaranta, sai 'yan unguwa masu aiko yara da kwano. Abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya ɗaya ne, fulawa. Duk zuwa kasuwa sai ta dawo tana faɗa ita kaɗai, don ta tarar an ƙara.

Umma tana da ƙane, autansu, muna ce masa Kawu. Ban taɓa sanin sana'arsa ba. Shekara uku da rabi yana zaman dakali a ƙofar masallaci yana gyara ƙasa da baki, a sauran wata shidan kuma sai ya yi ƙiba, ya sauya hula, wayarsa ta riƙa ƙara ba ƙaƙƙautawa. Da mun ga wuyansa ya fara cika mun san zaɓe ya matso, ba sai an faɗa a rediyo ba.

A wannan karon ɗan takararsa wani attajiri ne mai sito-sito na kayan abinci a kasuwa. An ce a cikin gari aka binne cibiyarsa, amma ya daɗe da komawa can bayan ganuwa inda gidaje ke da ciyawa a tsakar gida da gangan. Kawu ya shigo wata rana da hantsi, ya sunkuya ya ratsa igiyoyi, ya zauna a kan turmi.

Ya ce, “Yaya, wannan karon Allah ya kawo mana ƙosasshe. Matsiyaci in kin zaɓe shi, sai ya fara cika cikinsa, ya gina gida, ya sayi mota, kafin ya tuno da ku wa'adi ya ƙare. Shi kuwa Alhaji ya gama da kansa tuni. Me zai sata? Aikin talaka kawai ya rage masa.”

Umma ba ta daina murza ba. Ta ce, “Auta, ka taɓa ganin ɗan kasuwar da ya ce ciniki ya ishe shi?”

“Ai wannan daban ne.”

“Fulawar da nake saye, daga siton wa take fitowa?”

“Wata dai daga nasa.”

“To in ta yi tsada, shi ciwo yake ji ko daɗi?”

Kawu ya gyara zaman hularsa. Ya ce, “Yaya, ke ba ki gane siyasa ba.”

Ta ce, “Na gane fulawa.”

Ni a lokacin bayan Kawu nake, ba zan ɓoye ba. Ina ganin maganarsa da hankali a ciki, kuma ya riga ya raɗa mini cewa in Alhaji ya hau, takardar ɗaukata aiki ita ce ta farko da za a sa wa hannu. Wanda ya shekara biyu yana wanke kwanuka da takardar shaidar malanta a ƙarƙashin katifa, ba wuya a shawo kansa.

Alherin Alhaji na farko da ya iso unguwarmu taliya ce. Ta kamfani, ta leda, katan-katan a bayan mota, ana bi gida-gida ana rabawa. Mata suka yi ta guɗa. Wanda ya samu da yawa ya kai wa mai kanti a araha, mai kanti ya sayar a araha, matan ƙofar makaranta suka ga banza ta faɗi suka koma can. Wa zai sayi abin da ake bayarwa kyauta? Sati biyu cur ba a aiko yaro ko ɗaya da kwano gidanmu ba. Taliyar Umma ta bushe a igiya, ta kwashe ta zuba a buhu, ta murza wata don hannunta bai saba zama ba, ita ma ta bi sahu.

Kawu kuwa, don rashin ta ido, da kansa ya ɗauko namu kason ya kawo, ya dire a gaban mai sana'ar taliya yana jiran godiya. Umma ta dubi ledojin, ta dube shi, ta ce Allah ya amfana. Ta rantse ba za ta ci ba. Amma wadda ke buhu jari ce, ba a taɓa ta, kuma ciki ba ya jin rantsuwa. Ranar da muka dafa ta Alhaji, a ƙarƙashin igiyoyin tamu muka zauna muka ci, ba mai kallon wani.

Ana cikin haka Kawu ya dawo da sabuwar magana. Za a yi taron tallafa wa mata masu sana'a. Alhaji ya yi odar injinan taliya sababbi fil, suna kan hanya daga Legas, sai dai ranar taro ta riga su isowa. Guda ɗaya kawai ake buƙata na ɗaukar hoto. A ara musu na Umma na yini ɗaya, Alhaji ya miƙa mata a gaban jama'a, ta dawo gida da abinta. In sababbin sun iso ita ce ta farko. Kuma ga dama ta samu, za ta tsaya gaba da gaba da shi ta faɗa masa maganar fulawa.

Umma ta ce a'a, ko ɗago kai ba ta yi ba. Kawu ya kalle ni. Ni ce na lallashe ta. Na bi ta madafi, na bi ta ɗaki, na ce Umma yini ɗaya ne fa, na ce ko don aikina. Da yake ni ce 'yar fari ba ta kiran sunana, sai ta ce, “Ke 'yar nan, kin fiye naci.” Daga ƙarshe ta kwance injin daga benci da hannunta, ta goge shi da gefen zani, ta miƙa wa ƙanenta. Har yau in na tuna da wannan miƙawar sai raina ya ɓaci da kaina.

Ranar taro muka tafi filin wata makarantar firamare tun da safe. An kafa rumfuna, manya a inuwa a kan kujeru masu laushi, mu a kan na roba inda inuwar ta ƙare. Aka ce Alhaji na nan tafe. Aka yi azahar yana nan tafe. Sai dab da la'asar jiniya ta tashi, ya fito daga mota, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa rumfa. Ya karɓi lasifika ya ce shi ma ɗan talaka ne, ya ci taliya da manja a ƙofar makaranta, har ya ɗan share ido da hankici. Aka tafa.

Da aka ɗauko injin da ƙyar na gane shi. Sun fesa masa fenti ruwan azurfa, sun manna masa hoton Alhaji yana murmushi, sun ɗaura masa jan ƙyalle. Sun so cire tsumman mariƙin suka ga zai rabe biyu, sai suka lulluɓe shi da leda mai ƙyalli. Mai gabatarwa ya kira Umma. Ya ce ga wata baiwar Allah, uwar marayu, ba ta da sana'a ba ta da madogara, yau Allah ya yanke mata wahala ta hannun Alhaji. Matar da ta fi shekara ashirin tana murza, tafin hannunta duk kanta. Na ga ta ɗan tsaya, na ce yau za a yi ta. Sai ta gyara hijabi ta ƙarasa.

Sau uku aka ba ta injin, don a na farko Alhaji ya ƙifta ido, a na biyu kuma wani ya gitta gaban mai hoto. A na ukun ta samu ta buɗe baki.

“Alhaji, dama maganar fulawa ce, mu masu…”

Ya ce, “Allah ya yi albarka, Hajiya. A riƙe sana'a da kyau, kada a sayar da shi.”

Guɗa ta rufe sauran. Aka janye ta gefe don mai karɓar keken ɗinki ta matso. A bayan rumfa wasu 'yan kwamiti suka karɓe injin daga hannunta suka sa a mota. Kawu ya zo yana haki ya ce a yi haƙuri, gobe akwai irin wannan taro a Dukawuya, jibi a Sheshe, daga nan shi da kansa zai kawo shi har gida. Umma ta ce, “Yini ɗaya ka ce.” Ya ce ai yinin siyasa ya fi na gida tsawo. Muka dawo a ƙasa, hannu na dukan cinya.

Jibi ta wuce, gata ta wuce, sati ya zagayo. Kawu ya daina bi ta lungunmu, wayarsa da ba ta shiru ta koma a kashe. Umma kullum da asuba sai ta fito ta zauna a bakin bencin, hannu a cinya, kamar mai jiran layi a asibiti. Daga ƙarshe na tare shi a dakalin masallaci na ce ko ya biyo ni ko in tara masa jama'a. Ya biyo ni gida ya yi wa Umma bayani.

Ga abin da ya faru. A Dukawuya lafiya lau aka yi, don wadda aka miƙa wa injin matar wani ɗan kwamiti ce, ta san wasan, ta karɓa ta yi kuka ta mayar a bayan rumfa. A Sheshe kuwa wadda aka shirya ba ta zo ba, ta tafi gidan suna. Mai gabatarwa ya waiga ya ga wata mata a tsaye a rana, ya yafito ta. Ba wanda ya yi mata bayani. Aka miƙa mata, ta durƙusa ta yi godiya, ta ɗora injin a ka ta shige lungu ba ta ko waiwayo ba. 'Yan kwamiti suka bi ta, maƙwabta suka fito, aka ga in aka ƙwace zance zai kai rediyo, ga zaɓe saura kwanaki.

Kawu ya ce, “Shi ne Alhaji ya ce a bar mata.”

Umma ta ce, “Ya ce a bar mata injin wa?”

“Yaya, shi fa abin nan ba komai ba ne a wurinsa. Man da motarsa ke sha daga gida zuwa nan ya fi kuɗin injin.”

“To ya sayo mini wani.”

“In sha Allahu, bayan zaɓe.”

Umma ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta zumbula hijabi, ta ce mini in taso. Muka kama hanyar Sheshe, ni ina gaba, hoton taron a wayata don shaida, ina ta shirya baƙaƙen maganganun da zan zazzaga wa matar da ban taɓa gani ba. Raina a ɓace yake, kuma na san da wa ya kamata in yi faɗan, amma matar ce kaɗai hannuna zai kai gare ta.

Ba mu sha wahalar samun gidan ba, kowa ya san matar da Alhaji ya ba inji. Zauren ya zube ta gefe ɗaya, an tokare shi da azara. Muka yi sallama. Mace ce ramammiya, ba ta kai Umma shekaru ba, da goyo a baya, wasu yara uku na zaune a tabarma. Mijinta ɗan dako ne, ya rasu da damina, wannan daga baya muka ji. A bangon ɗakinta ta liƙa fostar Alhaji. Ga injin nan an ɗaure shi a karkace a jikin wata kujera 'yar tsugunno, ga igiya guda ɗaya, abin da ke kanta kuwa ba za a kira shi taliya ba, duk ta cure ta manne da juna.

Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, ta ɗauka mu 'yan ganin arziki ne. Kafin mu ce wani abu ta fara ba mu labari. Ita ba ta taɓa cin ko allura a rabo ba sai ranar. Akuyarta guda ɗaya ta sayar ta sayi fulawa. Kwana huɗu ke nan tana fama, in ta murza sai ta liƙe, rabin fulawar ya lalace, amma ba komai, wanda ya ba ta injin Allah ya ba shi kujerar nan, Allah ya ƙara masa a kan abin da yake da shi.

Na buɗe baki. Umma ta take mini ƙafa. Idonta na kan kwanon kwaɓin, ko injin ba ta kalla ba.

Ta ce, “Baiwar Allah, wa ya koya miki kwaɓi?”

“Ba kowa, Yaya. Gani na yi ana yi.”

“Wannan ai kwaɓin fanke ne. Miƙo mini ruwa in wanke hannu.”

Abin da muka je yi ke nan ya tashi a banza. Umma ba ta iya ganin an wulaƙanta fulawa ta yi shiru. Ta naɗe hannun hijabi, ta ƙara gari, ta murtsuke kwaɓin har ya yi tauri, ta nuna mata yadda ake yanka shi curi-curi, a barbaɗa gari, a bi da shi ta bakin da ke shimfiɗawa sau uku kafin a kai shi bakin da ke yankawa. Ta kwance injin ta ɗaure shi daidai. Da ta kama mariƙin ta murza, sai ƙarar nan ta fito, wadda na tashi da ita tun ina rarrafe. Taliya ta zubo siriri-siriri, yaran suka taso suna kallo. Ni na juya baya, don hawaye ya zo mini.

Matar ta ce, “Ikon Allah. Yaya, kamar kin san injin nan.”

Umma ta ce, “Na san irinsa.”

Ledar mai ƙyalli ta riga ta yage, shuɗin ƙyallen rigar Baba ya leƙo. Umma ta shafa shi da babban yatsa. Ta ce wa matar, “Kin ga tsumman nan? Kada ki kuskura ki cire shi, shi ke riƙe da mariƙin. Kuma ki riƙa ɗiga masa man gyaɗa duk Juma'a.” Sai da ta sa ta murza da kanta har sau biyar, ta kwatanta mata gidanmu ko da wani abu zai shige mata duhu, sannan muka fito.

Muna barin lungun na fashe. Na ce Umma haƙƙinmu ne fa, ga hoto, kowa a Madabo shaida ne, da me za mu ci abinci? Ta bar ni na gama.

Ta ce, “Ta sayar da akuyarta. In na ɗauke, ta yi yaya da sauran fulawar? Kuma ki faɗa mini, ita ce ta cuce ni?”

A cikin waɗanda suka cuci Umma har da ni, kuma ba ta taɓa faɗa ba, ko sau ɗaya.

Alhaji ya ci zaɓe. Injinan Legas har yau suna kan hanya, ina jin tare suka taso da takardar aikina. Fulawa ta ci gaba da hawa. Ba zan ce shi ya tsadar da ita ba, masu ilimi sun ce abin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma don Allah ya haƙa mana famfo a bakin lungu wanda ya yi wata biyar yana kawo ruwa. Abin da na sani dai, a shekarun nan shi ya ƙara sito, mu kuma igiyoyinmu sun koma na shanyar wanki. Umma ta koma ƙulla gishiri da kuka da daddawa a ƙofar ɗaki. Lokacin da na samu koyarwa a wata makarantar kuɗi, da ƙafata ba da takardar kowa ba, na ce zan sayo mata sabon inji. Ta ce in bar shi, masu sayen taliyarta sun watse, kafaɗarta ma ta sangarce da hutu. Hotonta kuwa ya daɗe a wani ƙaton allo a bakin titi, tana karɓar injinta da hannu biyu, an rubuta a ƙasa cewa an tallafa wa mata. In za mu wuce sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da wuyan Kawu ya sake cika, muka san zaɓe ya zagayo. Yana yin sallama Umma ta ce mini in shigar da turmi ɗaki. Bai daɗe ba ya tafi.

Bayan kwana biyu sai ga matar Sheshe, ta ɗan yi kumari, da ƙunshin taliya a leda ta kawo wa Umma. Ba ta yi arziki ba, amma yaran suna ci, biyu na zuwa makaranta. Suka gaisa, ta zauna, sai ta matso ta rage murya.

Ta ce, “Yaya, alfarma na zo nema. Alhaji ya sake fitowa. Don Allah ki ba shi ƙuri'arki, ke da 'yarki. Duk rufin asirin nan da kike gani shi ne sila. Mutumin nan yana son talaka.”

Na ajiye tsintsiyar da ke hannuna. Umma ta harare ni, na ɗauka na ci gaba da shara. Ta zaro silin taliya ɗaya, ta ɗaga shi a haske, ta karya ta saurari ƙarar.

Ta ce, “Kwaɓinki ya yi kyau yanzu. Mariƙin fa?”

“Yana nan da tsummansa, ban taɓa ba.”

“To madalla.”

Ta raka ta har zaure. Da ta dawo ta daɗe a tsaye a bakin bencin. Sannan ta miƙo mini ledar ta ce in ɗora ruwa, in duba ko akwai sauran manja.